Shawara: An ce in sayar da filina a kai maigidana waje a tsiro masa da sababbin jijiyoyin zuciya

"Assalamu alaikum Likita. Dan Allah a ɓoye sunana. Maigidana shekararsa 54, dama yana da suga da hawan jini, wata biyar kenan ya samu bugun zuciya, da farko mun ɗauka olsa ce, sai da ya kwana biyu yana shan maganin olsa sannan muka kai shi asibiti aka ce jijiyar zuciya ce ta toshe. An sallame shi da magunguna ba a yi masa wani aiki ba, eko (hoton zuciya) ɗin da aka yi masa an rubuta EF (ma'aunin ƙarfin harba jinin zuciya) 38. Yanzu ko masallaci ya taka sai ƙirjinsa ya riƙe. To yayansa ya turo mana wani bidiyo a WhatsApp, wai an gano sabon magani, ana zuba ƙwayoyin gado ta jijiyar hannu sai a ɗora na'urar sikanin a ƙirji, sababbin jijiyoyi su tsiro zuciya ta koma kamar da. Har ya samo wani ejan da yace akwai asibitin da ke yi a ƙasar waje, dala 18,000 banda jirgi da masauki, kuma a biya rabi kafin a tafi. Ni kaɗai ce ke da abin sayarwa, filin da na gada wajen mahaifina da 'yan gwalagwalaina. Da nace a tsaya a bincika sai magana ta juya, wai na fi son fili a kan uban 'ya'yana. Wallahi ba haka bane, in maganin gaskiya ne gobe zan sayar. Me zan yi?"

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Allah ya ba maigida lafiya, yasa kaffara ne. Bari in fara baki amsar da kike jira kafin dogon bayani: kada ki sayar da filin nan saboda wannan maganin, ko ɗan kunne ɗaya kada ki cire. Abin da kika gani a bidiyon ba ƙirƙirarsa aka yi ba, akwai bincike na gaske a kansa sama da shekara 20, amma har yanzu bai bar ɗakin gwaji ba, a jikin ɓeraye da wasu dabbobi ake yinsa, kuma babu hukumar magunguna da ta yarda a yi wa ɗan adam shi a matsayin maganin zuciya, ko ta Amurka ko ta Turai. Wanda yace ki kawo kuɗi zai yi wa mijinki shi, ko dai bai san abin da yake tallatawa ba, ko kuwa ya sani sarai. Ko wanne ne a ciki ke ce za ki yi asara, kuma maigida ne zai kwanta a gadon.

Amma ba na so ki koma wajen dangin miji da "likita yace a'a" kawai, don hakan ba zai kashe maganar ba, gobe wani bidiyon zai shigo. Gara ki fahimci abin da kanki yadda in an tambaye ki za ki yi bayani.

Zuciya tsoka ce, kuma ita ma tana da jijiyoyinta da ke kai mata jini. Ranar da maigida ya ji ciwon nan da kuka ɗauka olsa, gudan jini ne ya toshe ɗaya daga cikinsu. Ki ɗauka kamar gonar rani ce da babbar hanyar ruwanta ta toshe, shukar da ke tsakiya ta bushe ta mutu, ta gefe-gefe kuma tayi yaushi amma da sauran ranta don tana ɗan samun ruwa daga maƙwabta. Tsakiyar nan da ta mutu jiki yakan maye gurbinta da tabo cikin kamar mako 6 zuwa 8, kuma tabo ba ya bugawa. Zuciya ba ta sake tsiro kamar fata ko hanta, masu bincike a cibiyar Karolinska ta ƙasar Suwidin sun auna a 2009, suka ga a shekara guda kusan kashi 1 cikin 100 kacal na ƙwayoyin tsokar zuciya ke sabuntawa a jikin matashi, in an manyanta ma ya ragu zuwa ƙasa da rabin haka. Don haka duk maganar tsiro da sababbin jijiyoyi, ɓangaren gefen nan mai sauran rai ake so a ceto. Wanda ya riga ya zama tabo ko an kai masa jini ba zai dawo tsoka ba. Kinga tun daga nan maganar "zuciya ta koma kamar da" ta faɗi, ko masu binciken da kansu ba su taɓa yin wannan alƙawarin ba.

To ta yaya ake son tsiro da jijiyoyin? Jikinmu yana da wani sinadari da ake kira VEGF, shi ne ke ba ƙananan jijiyoyin jini umarnin su yi rassa, wani mai bincike Napoleone Ferrara ne ya tace shi ya sa masa wannan sunan a 1989. Sai masana suka ce to me zai hana mu ɗauki ƙwayar gadon da ke ɗauke da umarnin ƙera VEGF mu kai ta cikin zuciyar mara lafiya, zuciyar ta dinga ƙera abinta da kanta. Tunani ne mai kyau wallahi. Matsalar ita ce kaiwa. In ka zuba DNA, wato ita ƙwayar gadon, tsirara a jini, jinin zai narkar da shi cikin mintuna, ɗan abin da ya tsira kuma hanta ta kwashe. In ka saka shi cikin ƙwayar bairos da aka raunana don ta shigar da shi, garkuwar jiki na iya tayar da faɗa, a 1999 wani yaro ɗan shekara 18 Jesse Gelsinger ya rasu a jami'ar Fensilbaniya ta Amurka a irin wannan gwajin, duk da nasa ciwon na hanta ne ba zuciya ba, kuma mutuwarsa ta girgiza fannin gaba ɗaya. In kuma kace allura za ka soka kai tsaye a tsokar zuciya, sai an buɗe ƙirji ko an zura waya har cikin zuciyar.

Nan ne sikanin ya shigo. Akwai wasu 'yan mitsi-mitsin kumfa da dama can likitocin zuciya ke amfani da su don hoton eko ya fito tas, irin su Optison da Definity da SonoVue, iskar gas ce a ciki an lulluɓe ta da ɗan siririn ɓawo na maiƙo ko furotin, girmansu bai kai ƙwayar jan jini ba shi yasa suke bi ta kowace jijiya su wuce. Sai aka lura in ka ƙara ƙarfin sautin na'urar, kumfan nan suna kumbura suna tsukewa da sauri har su fashe, kuma fashewar na ɗan buɗe ƙofofi a bangon jijiya da na ƙwayoyin da ke kusa na ɗan lokaci kafin su rufe. Shikenan sai dabara ta zo: a manna DNA a jikin kumfan, a zuba ta jijiya, su zaga duk jiki ba abin da zai faru, amma daidai inda aka saita na'urar, wato kan zuciya, nan za su fashe su sauke kayansu. Ba yanka, ba waya. A 2000 ne Ralph Shohet da Paul Grayburn da abokan aikinsu a Dalas ta jihar Tekzas suka nuna ana iya kai ƙwayar gado zuciyar ɓera ta wannan hanya. A 2009 wata tawaga a Toronto ta ƙasar Kanada, Hiroko Fujii da Ren-Ke Li da sauransu, suka ɗaure jijiyar zuciyar ɓeraye don su jawo musu bugun zuciya, bayan kamar mako guda suka kai musu ƙwayar gadon VEGF da wata mai suna SCF ta hanyar kumfan, suka ga ƙananan jijiyoyi sun ƙaru, jini ya fi zagayawa, bugun ya ɗan inganta. A 2011 suka sake nunawa cewa in aka maimaita sau da yawa yafi a yi sau ɗaya. Irin waɗannan sakamakon ne masu bidiyo ke ɗauka su sa masa kiɗa da hoton zuciya tana walƙiya, sai dai ba sa faɗa muku cewa zuciyar ɓera ce.

Kuma 'yar uwa bambancin ba ƙarami bane. Zuciyar ƙaramin ɓeran gwaji ba ta kai rabin giram ɗaya ba, tana bugawa sau 500 zuwa 600 a minti, na'urar na iya game ta duka lokaci guda. Ta mutum ta kai giram 300, tana can bayan haƙarƙari da huhu. Sannan ɓerayen nan matasa ne lafiyayyu, ba suga, ba hawan jini, ba kitsen da ya shekara 30 yana taruwa a jijiya, jijiya ɗaya aka ɗaure musu da zare kuma aka ba su maganin cikin kwanaki. Maigida yana da suga, suga kuwa ita kanta tana rage wa jijiyoyi ƙarfin yin rassa, ga shi wata biyar sun wuce tabo ya riga ya zauna. Akwai ma wani abin da ya fi damuna. A wani gwajin da su Grayburn suka buga a 2005, ƙananan jijiyoyin zuciyar ɓerayen sun ƙaru da kashi 33 cikin 100 a kwana na 10, amma zuwa kwana na 30 sun koma yadda suke tun farko, 'yan masu ɗan kauri ne kawai wasu suka rage. Dalili shi ne DNA ɗin da aka kai ba ya zama, kwanaki kaɗan yake aiki ya ɓace, jijiyar da ta tsiro kuma in ba ta samu lokacin yin ƙwari ba sai ta shanye.

Za ki iya cewa to ai komai daga dabba ake farawa. Haka ne. Amma ita wannan dabarar ta kai VEGF zuciya an riga an gwada ta a jikin mutane ta wasu hanyoyin, kuma abin da ya fito ya kamata duk mai shirin sayar da fili ya ji shi. Wani likita a Boston, Jeffrey Isner, shi ne kan gaba a lokacin, a 1998 tawagarsa ta soka DNA na VEGF kai tsaye a zuciyar mutum 5 masu ciwon ƙirjin da ya ƙi jin magani, duk suka ce sun ji sauƙi, duniya ta ɗauka an gama. Da aka zo aka yi gwaji na tsanaki, wanda ake raba marasa lafiya gida biyu, wasu a ba su maganin wasu a yi musu allurar da ba komai a ciki, kuma ba mara lafiyan ba likitan babu wanda ya san wa aka ba me, sai labari ya canza. Gwajin Euroinject One a Turai mai mutum 80 da aka buga a 2005 bai nuna jini ya fi zagayawa a zuciyar waɗanda aka ba maganin ba. Gwajin NORTHERN a Kanada mai mutum 93 a 2009 shi ma haka, kuma abin lura, waɗanda aka yi wa allurar banza su ma sun ce ciwon ƙirjinsu ya ragu, sun ƙara daɗewa a kan injin tafiya. Ki riƙe wannan da kyau saboda ejan ɗin nan zai nuna muku bidiyon wani dattijo yana cewa an yi masa ya warke. Mai yiwuwa ma ba ƙarya yake ba, mutum in ya kashe dukiya ya hau jirgi aka kwantar da shi aka ɗora masa na'ura, zai ji sauƙi na ɗan lokaci ko ruwan gishiri aka zuba masa. Jin sauƙin ba ya nufin jijiyar ta buɗe.

Har yanzu akwai masu aiki a kai da gaske, musamman a garin Kuopio na ƙasar Finlan inda Seppo Ylä-Herttuala ya daɗe yana gwada wasu nau'o'in VEGF, kuma ina fatan Allah yasa wata rana a dace don masu buƙata suna da yawa. Maganin ƙwayoyin gado ma ba tatsuniya bane, a ƙarshen 2023 Ingila da Amurka sun amince da Casgevy na ciwon sikila, wanda a lokacin aka sa kuɗinsa dala miliyan 2.2 a Amurka. Amma sikila ƙwayar gado ɗaya ce tak ta samu matsala kuma an san wacece, ciwon jijiyar zuciya kuwa tarin abubuwa ne na shekaru.

Akwai wani abu mai kama da wannan da za a iya rikita ku da shi. A birnin Sao Paulo na Burazil an yi gwaji da mutum 100 aka buga a 2019, aka yi amfani da kumfan nan da sikanin don taimakawa wajen farfasa gudan jini, sakamakon ya ba da ƙwarin gwiwa. Sai dai babu ƙwayar gado a ciki ko kaɗan, kuma a sa'o'in farko na bugun zuciya ake yinsa tare da sa sitent (wato 'yar ragar ƙarfe da ake sawa cikin jijiya ta riƙe ta a buɗe), ba bayan wata biyar ba. In an turo muku wannan a matsayin hujja, ba shi ake sayar muku ba.

Sannan hatsari, wanda ejan ba zai taɓo ba. VEGF ba ya tambayar wace jijiya ake so ta tsiro. Ciwon daji da shi yake jawo wa kansa jini, shi yasa maganin kansa irin Avastin aikinsa toshe VEGF ne. Masu suga da idonsu ya fara lalacewa, jijiyoyi marasa ƙwari ne ke tsirowa a bayan idon suna zubar da jini, allurar da ake musu a ido ita ma VEGF take toshewa. Saboda haka ne gwaje-gwajen da na lissafa miki suke tace mutane, mai kansa ko mai irin wannan ciwon idon ba a ɗaukarsa. A ɓeraye an ga in VEGF yayi yawa a zuciya, maimakon jijiyoyi masu amfani sai ƙullutun jijiyoyi ya fito. Fasa kumfan da ƙarfi shi ma a dabbobi yakan fasa ƙananan jijiyoyi ya rikita bugun zuciya. Mutum mai suga mai EF 38, ni ba zan yarda a gwada masa abin da ba a san adadinsa ba a wurin da ba mai sa ido.

Toh yanzu maganar da ta fi muhimmanci, don gaskiya abin da ya tsaya min a wasiƙarki ba bidiyon bane, cewa da kika yi ƙirjinsa na riƙewa in ya taka zuwa masallaci ne, kuma da alama ba a taɓa duba jijiyoyin ba. Wannan ciwon yana nuna akwai tsoka mai rai da jini ba ya isarta in ya motsa. Abin da ya kamata ku tambayi likitan zuciyarsa a wannan makon shi ne maganar anjiyogiram, wato hoton da ake zura siririyar waya ta jijiyar hannu ko cinya a zuba ruwa mai nunawa a ga ina ne ya toshe, jijiya nawa ce, kuma ya tsananin yake. Ana yinsa a Najeriya, akwai a Abuja da Legas, likitansa zai faɗa muku wuri mafi kusa da ku. Daga nan ne za a san ko sitent ya dace, ko aikin da ake ɗauko jijiya daga ƙirji ko ƙafa a kewaye wurin da ya toshe, ko kuma magani kaɗai ya isa. Ba kowa ake sa wa sitent ba, jijiyar da ta daɗe a toshe kuma abin da take shayarwa ya riga ya mutu, buɗe ta ba ya ƙara komai. Mai suga da jijiyoyi da yawa suka tsuke kuwa sau da yawa aikin kewayen ya fi masa sitent amfani. In har za ki taɓa filin nan, to a irin wannan ne, bayan an ga hoto an zauna an yi miki bayani da kuɗinsa a rubuce.

Sai magunguna. Na san mutanenmu suna raina ƙwaya, gani ake in ba a yi wani babban abu ba kamar ba a yi komai ba, alhali su ne aka tabbatar suna hana bugu na biyu da mutuwa. Ki kwashi duk ledar magungunansa ki kai wa likitan a duba ɗaya bayan ɗaya. Mai irin matsalarsa yawanci yana kan asfirin da wani na biyu mai hana jini daskarewa kamar clopidogrel, da maganin kitse irin atorvastatin mai ƙarfi, da mai rage gudun zuciya kamar bisoprolol ko carvedilol, da irin su lisinopril ko ramipril ko wanda ya maye gurbinsu, sannan da yake EF ɗinsa ƙasa da 40 ne kuma yana da suga, ki tambaya ko spironolactone da dapagliflozin ko empagliflozin sun dace da shi, za a duba ƙodarsa da sinadarin fotashiyam kafin nan. Ba wai ki je kemis ki haɗo masa ba dan Allah, tambaya za ki yi. Kuma ana fara su ne da kaɗan a dinga ƙarawa a hankali, mutane da yawa ana sallamarsu da ƙaramin adadi su shekara a kai don ba su koma ba. EF na lafiyayye yana kama daga 50 zuwa 70, nasa 38 ya ragu amma ba ƙarshe bane, da magani daidai yana iya hawa, ki nemi a maimaita eko ɗin tunda an yi watanni. In ya sauka 35 ko ƙasa duk da magani, akwai wata 'yar na'ura da ake dasawa ƙarƙashin fata mai gyara bugun zuciya in ya rikice, likitan zai kawo maganarta.

Ki ɓoye masa diclofenac da ibuprofen da duk haɗe-haɗen ciwon jiki na kemis, suna da illa ga mai irin zuciyarsa, farasitamol ya ishe shi. Maganar da ba a son yi kuma dole in yi ta: maganin ƙarfin maza, na bature ko na gargajiya da ake sayarwa a kwalba, da yawansu akwai sildenafil a ciki, in ya haɗu da ƙwayar ciwon ƙirji da ake sawa ƙarƙashin harshe jini na iya faɗuwa warwas. In akwai damuwa ta wannan ɓangaren ya faɗa wa likita, ba abin kunya bane kuma akwai mafita. Sigari ko shisha in yana sha a daina gaba ɗaya. Gishiri da dunƙulen miya a rage. Azumi kuma kada ya yanke hukunci shi kaɗai, a tambaya kafin watan ya kama.

Kuma kinsan wani abu, hanyar da aka fi sani tana taimaka wa zuciya ta faɗaɗa 'yan jijiyoyinta na gefe ita ce motsa jiki. A birnin Leipzig na Jamus an auna hakan a jikin masu ciwon jijiyar zuciya aka buga a 2016, bayan mako huɗu na motsa jiki mai tsari jinin da ke bi ta jijiyoyin gefen ya ƙaru. Amma shi da yake ƙirjinsa na riƙewa, sai an duba shi an faɗa masa iyakarsa tukuna, sannan a fara da tafiya a hankali a fili mara tudu, da safe ko bayan la'asar ba cikin rana ba, a dinga ƙara mintuna, in ciwo ya zo ya tsaya. Kada ku zaunar da shi a ɗaki kuna hana shi ko ɗaukar buta, zaman yana ƙara kashe masa jiki da zuciya, kuma maza da yawa bayan bugun zuciya suna shiga damuwa mai tsanani su yi shiru, ki lura da barcinsa da cin abincinsa.

In ciwon ƙirji ya zo masa yana zaune, ko ya wuce minti 15 bai lafa ba, ko ya zo da zufa da amai da sarƙewar numfashi, asibiti kai tsaye ko tsakar dare ne, kada a tsaya kemis kada a ce olsa ce. Masu suga wani lokacin ma ba sa jin ciwon sosai, kasala da zufa kawai za a gani.

Saura dangi. Maganar da suka faɗa miki tayi zafi kuma ba ki cancance ta ba, matar da ta fi son fili ba za ta zauna ta rubuto wannan wasiƙar ba. Filin gadonki ne, a shari'a ma babu mai ikon tilasta miki sayar da shi, in kin bayar kyautatawa ce. Amma ina ganin Yaya tsoro ne ke cinsa, ƙaninsa yake gani yana dafe ƙirji, an nuna masa ƙofa ya ga kamar ke kika tare. Kada ki yi musu da shi ke kaɗai, kada kuma kiyi ta waya ko a guruf ɗin gida inda kowa zai sa baki. Ki same shi da girmamawa kice Yaya na yarda a nemi magani ko nawa ne, amma ina roƙon ka raka mu wajen likitan zuciyarsa ka nuna masa bidiyon da hannunka, abin da yace shi za mu bi. In da wani babba a gidan da yake jin maganarsa, kawu ko limamin unguwa, a tafi da shi. Sannan shi ejan ɗin a ce ya kawo abu huɗu a rubuce, sunan maganin da kamfanin da ya ƙera shi, hukumar da ta amince da shi da lambar amincewar, sunan likitan da zai yi, da inda aka buga sakamakonsa a jikin mutane. In yace ai gwaji ne ake yi, to ya kawo lambar rajistar gwajin da takardar kwamitin da ya ba da izini, kuma ku sani a gwaji na gaskiya ba a karɓar dubban daloli a hannun mara lafiya kuɗin maganin da ake gwadawa. Yawanci daga nan za ku ga ya fara cewa gurbi zai ƙare a yi sauri a turo rabi. Ko sisi kada ya shiga asusun wani mutum.

Fita waje ba laifi bane in buƙata ta kama, mutanenmu suna zuwa Masar da Indiya a yi musu aikin zuciya su dawo lafiya. Amma a tafi da takardar likitan gida, da sanin takamaiman aikin da za a yi, kuma asibitin ake biya ba ɗan tsakiya ba.

Abu ɗaya da ban gani a wasiƙarki ba shi ne bakin maigida. Kowa na magana a kansa, ke da Yaya da ejan, shi me yace? Jikinsa ne, kuma mai yiwuwa yana jin duk rigimar nan yana ganin ya zame muku nauyi. Ki zauna da shi ku biyu in yara sun kwanta, ki karanta masa wannan amsar in kina so, ki faɗa masa ba kuɗin kike ƙi ba. In shi da bakinsa yace wa yayansa a fara yin anjiyogiram tukuna, rabin maganar ta mutu.

In an yi hoton da sabon eko ki turo min abin da aka rubuta da sunayen magungunansa da adadinsu, sai in taya ki tsara tambayoyin da za ki yi wa likitan. Allah ya tashi kafaɗunsa, ya ba ki ladan jinya.